Ƙanƙara a Kasko na Uku

…ruwa ne. Ruwa dai, Sabino. Na tsoma yatsa har ƙasan kaskon, babu abin da ya tare ni. Har da wata 'yar tsutsar sauro tana wutsil-wutsil a ciki kamar gidan ubanta. Na farko ke nan, na bakin ƙofar kicin. To, dama ban sa rai da shi ba. Bakin ƙofa akwai ɗumin ɗaki, akwai numfashin mutane, ko a can gida na bakin ƙofa shi ke daskarewa a ƙarshe. Saura biyu. Na kan rufin makewayi, da na can ƙarshen fili, a kwarin gindin katanga. Kada ka yi mini wannan kallon. Ka mutu ka tafi abinka, kallon ka bar mini.

Ka san yau wace rana. Safiyar bikin waliyyi San Huwan. Daren da ya wuce shi ne uban sanyin shekara, tun kafin a haifi kakata haka yake, kuma ban ji an ce garin Montero yana ƙarƙashin wata sama daban ba. Iskar kudu ta taso kwana da kwanaki, mutanen nan duk sun naɗe cikin barguna kamar gawawwaki, an rufe makarantar yara, rediyo yana ta kururuwa wai an daɗe ba a ga irinsa ba. Ni ma na ji shi, ba zan yi ƙarya ba. Ya shiga gwiwata ya zauna. Amma wane irin sanyi ne wannan? Jiƙaƙƙe. Mai yauƙi. Zai hana ka barci amma ba zai taɓuka maka aikin komai ba. Namu na can saman duwatsu in ya sauko da sana'arsa yake zuwa: sama tas, iska ta ɗauke numfashi, da safe ciyawa tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafa… wannan kuwa malalaci ne. Ya taso a gidan da ba a tada yara da wuri.

Kalli abin da ya yi mini. A'a, kalla mana. Tamfol ɗin nan. Rabin buhun dankalin da na sauko da shi daga gonarmu, na baza shi ɗai-ɗai yadda aka saba, babu wanda ya taɓa ɗan'uwansa, na ce tunda iskar kudu ta zo bari ta yi mini cunyo. Dare ya daskarar, rana ta narkar, a tattake da ƙafa ruwan ɗacin ya fita, a shanya ya bushe ya yi baƙi kamar tsakuwa, ya shekara goma a rumbu bai ce uffan ba. Abin da na sani ke nan tun ina tsawon tunkiya. Ga shi yanzu. Laushi. Fumfuna fari-fari kamar gemun tsoho. Wannan na danna shi da babban yatsa ya fashe, wari ya biyo… Dankalin ɗaci ne, kai ka sani, ba a cinsa sai sanyi ya fara cinsa. Yanzu ko alade ba zai waiwaye shi ba. Ni Petrona, da mata ke tasowa daga wasu ƙauyuka su ga yadda nake tattaka—ni na ruɓar da rabin buhu a gaban matar ɗana.

Ba ta ce komai ba. Shi ne abin. Da ta yi magana da na samu abin kamawa.

Irin dai yana nan. Ban taɓa shi ba, ban haukace ba tukuna. Yana ƙarƙashin gadona, a ɗaure cikin zanen goyon da na saƙa shekarar da aka haifi ɗanmu Rufino, da ganyen da ke korar asu. Baƙin nan mai zurfin ido, wanda uwata ta zuba mini a haɓar siket ranar da na bi ka, ta ce ita ma a haɓar siket ta karɓa. Kamata ya yi ya yi ta barci har lokacin shuka, wata uku nan gaba ko fiye. Zafin garin nan ya tashe shi. Idanun sun buɗe, Sabino. Farin tsiro ya fito, dogo, siriri, kamar yatsun wanda ya daɗe a kwance, yana lalube cikin duhu, me yake nema a ƙarƙashin gado? Jiya na cire biyu da suka yi ruwa. Shekaranjiya ma na cire. Ba na ƙirga sauran. In na ƙirga sai in sani.

Yesenia ce ta kawo maganar taswira. Matar Rufino. Ai ka santa, 'yar nan ƙasar zafi, mai tafiya kamar ba ta da inda za ta. Tana aiki a inda ake sayar da furanni cikin baƙar leda—furanni, ka ji, abin da ba a ci—ta dawo wani yammaci ta jawo kujera kusa da ni ta kunna waya. Wai masu ilimi sun yanka duniya yanki-yanki, kowane yanki da launinsa da lambarsa, kuma abu ɗaya tak suka duba: daren da ya fi sanyi da wurin ke gani a shekara. Wai duk wanda ya koma sabon wuri, wannan zai fara nema kafin ya sa komai a ƙasa, don ya san abin da zai rayu da abin da zai mutu. Ta ja da yatsa ta ce ga mu nan, Mamita. Ja-ja, kamar naman da aka yanka yanzu. Ta sake ja, ta hau, ta hau, ta ce ga ƙauyenku. Wani kore mai duhu. Ta faɗi lambobin, nan sha ɗaya can takwas ko nawa, ban riƙe ba, ba kasuwa nake ba. Wai nan ruwa ba ya daskarewa, in ma ya taɓa yi sai tsofaffi su yi ta labarinsa. Kuma da murmushi take faɗa, kamar mai yi mini albishir: mangwaro, gwanda, agade, rogo, duk abin da na ga dama in shuka, sanyi ba zai kashe mini ba.

Sanyi ba zai kashe mini ba. Ka ji fa. Su sun zana taswirar ne don su guje masa. Ni nemansa nake.

Na ce wa ya zana? Ya taɓa kwana a filin nan? Domin a gonarmu kaɗai sanyi iri uku ne, ka tuna—gefen dutsen da ke riƙe ɗumin rana, inda muke sa wake, da tsakiya, da kwarin nan da sanyi ke gangarowa ya kwanta kamar ruwa a kwano, inda baƙin dankali kaɗai ke tsayawa da ƙafarsa. 'Yan taku ne tsakani. Da kasko uwata ta gano su. A zuba ruwa da yamma, a ajiye nan, a ajiye can, da safe a bi da yatsa. Sanyi ba a gari yake zama ba, a lungu yake zama. Ta ce gaskiya ne Mamita, su ma masu taswirar sun yarda kowane gida da lungunsa, sai dai babu lungun da zai ɗauko ƙasarku Oruro ya sauke a Montero. Tana da baki, in ta ga dama. Ɗanka kuwa yana zaune, kai a cikin kwanon shinkafa. Irinka sak. In mata biyu suna magana sai ya ga duk duniya babu abin kallo irin cokali.

A nan bakina ya ja mini. A gabansa, a gaban jikata Nayeli, na ce:

"In na wayi gari ranar San Huwan ruwa bai daskare a gidan nan ba, zan ba Ilario irin ya kai wa Damiana. In kuwa ya daskare, ko kamar ɓawon albasa ne, a nan zan shuka, kuma bakinki ya fita daga dankalina."

Na faɗa. Ban taɓa faɗar abu in haɗiye shi ba, kai shaida ne, ka sha wahalar hakan.

Ilario yau zai tashi. Ɗan ƙauyenmu, jikan mai gishirin nan, yanzu ya yi tumbi, yana jan babbar mota, ya ɗauki shinkafa da sukari ya hau da su, ya sauko da albasa. Ya ce da hantsi zai biyo ta ƙofar gida ya danna ƙaho, ba zai kashe inji ba. Da ya ji sharaɗin dariya ya yi har da riƙe ciki, wai Doña Petrona in kin samu ƙanƙara a Montero ki ajiye mini 'yar kaɗan in jefa a giyata. Na ce uwarka ma da kasko ta yi noma, mara kunya. In ya tafi yau, sai bayan an gama yankan rake zai sake hawa. Irin ba zai kai ba. Ko rabin haka ba zai kai ba.

Damiana… Ƙanwarka ce, na sani, kada ka fara. Ita ke noma gonarmu yanzu, ita ke kwana a ɗakinmu. Matar da ke zuba iri bakwai a buhu ɗaya ta ce ai duk dankali ne. Matar da ta taɓa dafa irin shukarta don baƙi sun zo. Shekara arba'in tana roƙona baƙin nan, ina ce mata a haɓar siket ake karɓarsa, ba a ƙofar rumbu ba. Yanzu in ɗaure shi in aika mata, a bayan mota, tsakanin buhunan sukari? Ta kwance, ta ga tsiron nan, ta kira maƙwabta su zo su ga abin da Petrona ta mai da irin uwarta? Za ta shuka shi, ban ce ba za ta shuka ba. Zai fito. Ko a hannun wawa zai fito, can gidansa ne. Shekara biyu ya gauraya da nata, shekara uku a ce baƙin Damiana.

Tsani. Bari in hau. Gwiwar dama, sannan ta hagu… da ni ke hawa dutse da Rufino a baya da buhu a ka. Maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga, bargo har hanci, wai kolya yau ma kina shayar da sauro? Haka suke kiranmu, mu 'yan sama. Na ci gaba da hawa. Matar da ke sayen albasa guda ɗaya.

Na biyu. Ruwa. Da ganyen mangwaro yana yawo a kai.

To.

Bari in ɗan tsaya, numfashina… a'a, numfashin lafiya lau yake, abin haushin ke nan. A nan numfashi ba ya yi mini gardama. Can ne ya ƙi. Bayan mun binne ka leɓena ya yi shuɗi, kaina kamar ana daka a ciki, in na sunkuya ɗaukar fartanya sai ƙasa ta juya. Likitan Oruro, yaro ƙarami mai sanyin hannu, ya ce jinina ya yi kauri, wai tsayin wurin ne, zuciyata ta gaji da turawa. Wai in sauka ƙasa ko in bi ka kafin shekara. Wurin da aka yanke mini cibiya, wai shi ke kashe ni. Na ce sai na kwashe dankali tukuna. Na kwashe, na ware iri, Rufino ya zo ya ɗauke ni kamar kayan gado. Muna gangarowa kunnena na toshewa, ina cire riguna ɗaya bayan ɗaya, iska tana yin nauyi kamar kunu… kuma kan ya daina ciwo. Kafin mu iso ya daina. Ban gaya wa kowa ba. Ina jin kunyar jikin nan, Sabino. Ya karɓi garin nan bai yi shawara da ni ba.

Dubi nan daga sama. Shafal. Babu dutse ko ɗaya da mutum zai jingina ido. Rake, rake, hayaƙi, rake. Ta ina rana ke sanin inda za ta fito? Kafin San Huwan mukan hau tudu da asuba mu duba kaza da 'ya'yanta, in taurarin sun fito manya tas a yi shuka da wuri, in sun yi dishi-dishi a jinkirta. Nan na ɗaga kai, gajimare ne da hasken fitilun masana'antar sukari. Babu dila da zai yi kuka in saurari muryarsa. Kwaɗi kuwa kullum kuka suke, abin da ke kuka kullum me zai gaya maka? Jiya ko wutar bikin da muke hurawa a fili ba su hura ba. Wai an hana. Suka zauna gaban talabijin suna cin wani jan nama mai kamar yatsa a cikin burodi, wai shi ne San Huwan.

Shekarar da ƙanƙarar sama ta kwantar da gonaki, ka tuna? Rufino yana rarrafe. Babu wanda ya kwashe ko kwando. Gidan su Damiana suka yanka lamarsu ta ƙarshe, raƙumar dutsen nan mai ɗaukar musu kaya, wasu suka gangara birni yin bara. Mu cunyo muka ci. Na shekara huɗu baya, na shekara shida baya, na jiƙa na dafa da gishiri kawai, na tauna na sa masa a baki. Da shi ya yi ƙashin da yake ɗaukar buhun siminti yau. Na dafa wa Nayeli ragowar wanda na zo da shi, ta shinshina ta ce Kaka warin ƙafa yake. Aka yi dariya. Ni ma na ce eh, ƙafar kakarki ce, ci. Ba ta ci ba. Ko yarenmu ba ta ji, sai ta kalli ubanta ya fassara. Kuma wando take sawa. Ina zan zuba mata irin, in ranar ta zo? A aljihu?

Sauka ya fi hawa wuya. A hankali… ƙasa duk caɓi.

Bangon ɗakina siriri ne, bulo ɗaya. Suna tsammani tsufa ya toshe mini kunne. Na ji Yesenia tana ce wa Rufino ba na cin abinci, siket ɗina ya fara juyawa a ƙuguna. Na ji ta ce, in aka raba Mamita da dankalin nan ba za ta kai Kirsimeti ba. Shi kuma ya ce to ya za a yi, ita ta ɗaure kanta da bakinta. Ni za a zauna ana auna wa kwana kamar tsohuwar tunkiya? Na juya na fuskanci bango. A ƙarƙashina ina jin warinsu, ɗan zaƙi-zaƙi, warin abin da ya fara—

Na uku. Can gindin katanga, inda ƙasa ta ɗan faɗa, inda rana ba ta zuwa sai azahar. In akwai shi a gidan nan, nan zai kwanta. Na zaɓi wurin da kaina, na share, na ɗora kaskon a kan ciyawa ba a kan siminti ba. Ba na sauri. Me zan yi wa sauri? Uwar Ƙasa, na ba ki ganyen koka, na zuba miki giya, ban san ko kina jin yarenmu a nan ba…

Sabino.

Sabino, yatsana ya tsaya.

Bai shiga ba. Tauri. Sanyi ya harbi farcena ya hau har gwiwar hannu. Ƙanƙara! Ga ta, fara, tana ƙyalli. Na ce! Ban ce ba? A lungu yake zama! Ina mai taswira, ina Ilario da tumbinsa, a kira maƙwabciya ta leƙo yanzu mana. Zan tone nan, daga katanga zuwa bishiyar lemo, in ɗaga kunya sosai saboda ruwa, in nemo takin tumaki ko daga ina ne, zan… gwiwata ta sauka ƙasa da kanta. Caɓi ya jiƙa mini siket, bar shi. Bari in ɗago ta in gani. Bari in—

Ta ɗago.

Gaba ɗayanta ta ɗago, a hannu ɗaya.

Ƙanƙarar dare ba ta ɗagowa. Daga gefe take farawa, ta kama bakin kasko, ta miƙa allurai zuwa tsakiya, siririya, garau, kana ganin ƙasan kaskon ta cikinta. In ka taɓa ta ce ƙas, ta tsage kamar gilashi. Na fasa ta da yatsan nan safiya nawa a rayuwata? Wannan kaurinta ya kai babban yatsana. Cikinta fari, gajimare-gajimare. Ba ta taɓa bakin kaskon ba, yawo take a ruwa kamar kwaɗo. Kuma ciyawar da ke kewaye… jiƙaƙƙiya. Kore shar. Ko ganye ɗaya bai yi fari ba. Wane sanyi ne zai daskarar da ruwa kaurin yatsa ya bar ciyawa tana dariya?

Juya ta.

Fure. Zanen fure a bayanta, mai ganye biyar, da zobe kewaye. Na san furen nan. Ni ke wanke shi kullum. Gindin farantin roba ne, shuɗin nan da Nayeli ke cin abinci a ciki.

Warin kifi take. Kifin da Rufino ya sa a firiza ranar Lahadi.

Ga sawu ma, ban duba ba da na zo, idona na kan kasko. Silifas. Ƙaramar ƙafa, diddigen hagu ya cinye. Ya zo daga kicin, ya tsaya nan, ya koma. Da zakara ya yi cara na ji ƙofa, na ce ko makewayi za ta.

Ni za a yi wa haka? Ni? Kamar yarinyar da ake sa wa alewa a takalmi a ce Sarakuna Uku ne suka kawo? Da zagina ta yi. Da ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga wayar ta ce kin gani, tsohuwa, ja ne, ja, da na san abin da zan yi da ita. Ta ci. Taswirarta ta ci. Ruwa ne a ukun, ni da ita duk mun sani. Ta ci, kuma ta tashi cikin wannan iskar, ita da ke rawar ɗari in an buɗe firji, ta ɗauko cin nata ta jefa a kaskona. Kuma ta san abin da zai biyo baya, ba jahila ba ce, da tsiro take aiki. Ta san in na sa irin a ƙasar nan zai yi ganye har ƙugu, ya yi ta ganye, ruwan Disamba ya zo ya dafa shi a tsaye, in tona in samu baƙin ruwa. Ta auna. Ta ɗora ni a hannu ɗaya, irin uwata a ɗaya hannun, ta zaɓa. Wa ya ba ta—wa ya ce mata nauyinmu…

Shekarar da ka sayo jan iri daga kasuwar kwari. Ita ce shekarar da Rufino ya fara kawo Yesenia gida, tana amai saboda tsayi, leɓe duk ya tsage. Ta zauna a bakin rumbu cikin bargonka tana kallona. Na shimfiɗa zane, na zuba sabon irin, na yayyafa masa giyar masara, na sa ganyen koka da furanni, yadda ake yi. Sabon iri amarya ne, matar ɗa muke kiransa, dole uwar gida ta tarbe shi, in ba haka ba ya yi fushi ya koma inda ya fito. Na durƙusa ina yi masa magana: nan gidanki ne, 'yata, kada ki ji tsoro, sanyin nan ba shi da faɗa, kamar na garinku yake. Rufino yana fassara mata. Ta yi dariya da tsagaggen leɓenta, ta ce amma Mamita ai ƙarya kike yi masa, jiya ruwan randa ya daskare. Na ce mata—na tuna har yadda na ɗaga haɓa—na ce ba ƙarya ba ce, tarba ce. Ana faɗa masa ne don ya samu ya kwana. In ya kwana ya kwana, wataƙila ya saba.

Rabinsa ya mutu a shekarar. Rabi ya saba.

Ta riƙe. Duk shekarun nan, yarinyar da na ɗauka ba ta jin komai sai waƙar rediyo.

Tana narkewa. Ruwa yana bin hannuna yana shiga hannun riga, furen ya fara shafewa, ganye biyar sun koma uku… in na ƙara tsayawa kaɗan babu fure. Sai ƙanƙara kawai, a hannun tsohuwa, a safiyar San Huwan. Wa zai ce ba haka ba? Rufino zai kalli cokali. Ilario zai ja motarsa. In ɗaga ta sama in ce kun gani, in ci abinci yau har in nemi ƙari, in tone gindin katanga, in binne su ɗaya-ɗaya da hannuna, in yi musu magana, nan gidanku ne, kada ku ji tsoro… Su kwana kusa da ni. Su mutu kusa da ni. Daga kakar kakata zuwa haɓar siket ɗina, sannan gindin katangar Montero, kusa da makewayi.

Ko in shiga in jawo zanen daga ƙarƙashin gado. In wuce ta gabanta da shi. In ajiye mata wannan a kan tebur, fure a sama, ba sai na ce komai ba. Ta san na gani. Ta san na mai da mata tarbarta. Daga nan kuma sai mu zauna a gida ɗaya, ni da ita, da gadon da babu komai a ƙarƙashinsa.

Kai da ka iya shiru, yanzu ma shirun za ka yi?

Can inda irin zai rayu, ni ba zan rayu ba. Nan inda nake numfashi kamar budurwa, shi yana ruɓewa. Shekara sittin launinmu ɗaya ni da shi. Yaushe aka raba? Wa ya ja layin, ta tsakiyar gadona? Ba ta nuna mini wannan a wayar ba…

Ƙaho. Tun daga kwanar mai gyaran taya. Ya yi sammako, ɗan banza, yau da ake so ya makara.

Yesenia tana taga. Kofi ɗaya take wankewa tun ɗazu, ba ta kallona, ta iya rashin kallo. Hancinta ja, tana jan majina. Ta kwashi mura saboda farantin ƙanƙara.

"Mamita? Yaya… ya daskare?"

Gwiwata ta ƙi tashi. Hannun ya mutu, ba na jin yatsun, rabon da in ji haka tun gida—daɗi, Sabino, Allah ya yafe mini, daɗi nake ji. Ƙaho kuma. Injin yana ƙugi a ƙofa, ba zai kashe ba, ya faɗa. Ganye ɗaya ya rage a furen. Ta ajiye kofin. Tana jira.

Bakina a buɗe yake. Ban san da wane yare zan…